Manet ɗin Bahago

Mu huɗu ne a baranda ran nan: ni, da ƙanwata da ta zo daga Tsibiri, da jikata ɗiyar ɗana marigayi, da uwar jikar tawa, wadda ta sake aure a Jiratawa amma har yau ba ta daina ce mini Inna ba. Na ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya ne don ƙanwata har gobe cewa take mu biyar ne. Ni ban ce ba. Abin da idona ya gani zan faɗa, mai rubutawa ya rubuta, kada ya ƙara mashi gishiri.

Damina ce, gero ya fara fitar da kai. An kwana uku ana ruwa. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ba ta kamawa, ƙofar ɗakina ta kumbura sai na sa kafaɗa take rufuwa. Ranar ce rana ta ɗan leƙo, shi ya sa baƙin suka samu hanya. Ƙanwata ta kawo ɗanyar kuɓewa, surukata ta kawo zogale ɗauri biyu, muka baje tabarma bayan azahar muna tsinka.

Ɗan nawa ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, yana da rai ko bayan ransa. "Kai" nake ce mashi. In zancensa ya taso sai in ce "wancan". Haka aka yi mini, haka na yi. Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi, ɗiyarsa tana rarrafe. Sana'arsa gyaran rediyo ce a zauren gidan nan namu na Sabon Gari, kuma a zauren yake da wata tsohuwar tele da akwatin wasa. Ana soka kaset a akwatin, 'yan mutane su fito a tele suna tsalle, ana juya su da wani abin riƙewa da ake ce wa manet. Manet ɗin bai fi tafin hannu ba, da doguwar waya. Gefe ɗaya akwai maɓalli mai kai huɗu kamar mararrabar hanya, ɗaya gefen jajayen maɓallai biyu. Manet ɗin guda biyu ne, iri ɗaya. Da aka yi addu'ar arba'in na tattara akwatin da kaset ɗin da manet ɗin duka na zuba a adaka na kulle. Makullin yana ɗaure a bakin zanena fiye da shekara ashirin.

Jikar a hannuna ta tashi. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, ni ban yi ba, yanzu gyaran salula, wayar hannu, take a wani shago kusa da babbar kasuwa. Sati ɗaya kafin ran nan ta shigo ta tsaya a kaina.

"Tsohuwa, ba ni makullin adakar nan."

"Wace adaka?"

"Kin san wadda nake nufi. Adaka nawa kike kwana da makullinta?"

Ta buɗe wani kwali ta nuna mini wani ɗan faranti kore, bai kai kwalin ashana biyu ba, da wasu ƙananan abubuwa a manne a kansa kamar gari in an hango shi daga tudu. A gefe yana da haƙora layi biyu, sirara, kamar na mataji.

"Ordinater ce, wato kwamfuta," in ji ta.

"Ina fuskarta?"

"Ta tele za ta ara."

Ta ce akwatin ubanta tabbas ya mutu a adaka, ba ta ma sa rai da shi. Amma wannan 'yar abar tana iya kwaikwayonsa. Za ta yi muryarsa, ta yi tafiyarsa, ta fito da wasannin nan duka yadda suke a da, har manet ɗin ba zai gane ba shi ba ne. Manet ɗin kawai take so. Ta ce ana sayar da sababbi, amma ita wanda hannunsa ya riƙe take so ta riƙe.

Na ce, "Abin da ke kwaikwayon matacce, mi ake ce mashi?"

"Ilimi ake ce mashi, Tsohuwa."

Ban yi dariya ba. Na kwana biyu ban ba ta amsa ba, sannan na kwance makullin. Sharaɗi ɗaya na kafa: ba yanka. Ko tsinin waya kada ta yanke daga jikin manet ɗin. Ta ce bakinsa mai huda tara ne, ba ya shiga ko'ina a jikin farantinta. Na ce wannan ita ta shafa. Sai ta kwance mataccen akwatin, wanda kuwa ɓera ya riga ya yi gida a ciki, ta ciro ramukan da ake soka manet ɗin, ta ce su za ta dasa wa sabuwar.

Aikin da take yi ke nan ran nan a ƙarshen tabarma, mu muna kan zogale. Ni ban san baƙi ba, ko na allo ko na boko, saboda haka duk abin da ake yi hannuwa nake kallo. Wayoyi biyar-biyar take ja daga kowane rami zuwa haƙoran farantin, kowace da launinta. Tana ƙirga haƙoran da tsinke tana motsa baki. Ta ce akwai haƙorin wuta babba, akwai ƙarami, in ta kuskure ta ba shi babba farantin ya tafi ke nan. Tana da wani abu mai igiya biyu, in ta taɓa nan ta taɓa can sai ya yi tsit, alamar waya ta haɗu. Sai ƙarfen darma mai zafi, da ɗan hayaƙinsa mai warin ƙaro. Warin nan na san shi. Warin zaure ne.

Ina kallonta ta wutsiyar ido. Da dama ta fara riƙe ƙarfen. Da ta zo kan haƙoran da suka matsu da juna, ta ɗago ta dube ni, ta ga kaina a sunkuye, sai ta mayar da ƙarfen hannun hagu. Cak, cak, cak, ta gama uku. Ta mayar da shi dama kamar ba a yi ba.

Na ci gaba da tsinkar zogalena. Amma dole in tsaya nan in faɗi wani abu, in ba haka ba ba za a gane sauran ba.

Ubanta bahago ne. Tun yana zama na lura, duk abin da aka miƙa mashi da hagu yake kamawa. A gidan da na yi aure ba a ɗaukar wannan da wasa. Hannun buta ne. Yaro ya miƙa wa babba abu da shi, uwarsa aka zaga. Na buge hannun da ludayi, bai bari ba. Na ɗaure shi da ƙyalle a ƙugunsa lokacin cin abinci, yana ci da dama tuwo na zuba a ƙirjinsa. Da ya girma kaɗan na daina ɗauri, na koma tsayuwa. In na kama shi sai ya je ya tsaya a katangar nan ta kusa da randa, fuska a bango, ba zai motsa ba sai na ce "juyo".

Wata safiya, yana shekara bakwai, na kama shi yana karɓar ƙosai da hagu daga hannun wata dattijuwa. Na tsayar da shi. Ban kai ga ɗauraye kwano ba aka aiko daga Tsibiri cewa ƙanwata na kan gwiwa, haihuwar fari, kuma ta zo da gardama. Na figi mayafi na fita. Ubansa yana tafiyar fatauci. Ban tuna da yaron ba sai da jariri ya yi kuka, rana ta riga ta karkata. Da na dawo Maraɗi na tarar maƙwabciya ta ɗauke shi ta kwantar a ɗakinta, ta jiƙa mashi kai. Ta ce tun hantsi take ce mashi ya zo inuwa, yana cewa ba a ce ya juyo ba. Rana ta bi ta kansa ta wuce, har ƙafafunsa suka saki. Goshinsa da shatin bango.

Ban ba shi haƙuri ba. Ba a yi a lokacin, kuma ɗan fari ne. Kalmar "juyo" ma ban faɗe ta ba, tunda na tarar an riga an ɗauke shi. Daga ranar ban ƙara ganin ya taɓa komai da hagu ba har ya koma ga Allah. Na ce a raina ya warke. Ɗiyarsa ma da ta fara, ludayi biyu ya ishe ta, ko kuma haka na zata.

To, wajen la'asar sakaliya ta gama dashe. Aka fito da tele baranda, ta haɗa farantin da ita, ta ba shi wuta da abin cajin salula. Wata 'yar fitila ja ta kama a jikinsa, wata koriya tana ƙifta ido. Rubutu ya yi ta gudu a tele. Ta soka manet na farko. Telen tana tambayarta, in ji ta, danna sama, danna ƙasa, danna hagu, danna dama, tana dannawa, abin yana haddacewa. Sannan ta soka na biyu ta ajiye shi a tabarma, ta zaɓi wasa.

Sai kiɗan ya tashi.

Siririn kiɗa ne, kamar sauro ya koyi algaita. Shekara nawa ina jinsa daga zaure ina daka, ina ce wa wancan ya rage ƙara. Ban san kunnena ya ajiye shi ba. Surukata ta tsaya da reshen zogale a hannu, ba ta tsinka ba, ba ta ajiye ba. Ƙanwata ta gyara ɗankwali.

Wasan wani gida ne mai hawa-hawa, da tsani, da katanga dama da hagu. 'Yan mutane biyu a tsakiya, ɗaya mai shuɗiyar riga, ɗaya mai rawaya. Jikata tana juya mai shuɗiya, yana hawa tsani yana kwasar wasu tuluna. Mai rawaya yana tsaye, na manet na biyu ne.

"Wa zai riƙe mini ɗayan? Tsohuwa, zo in kayar da ke."

"Kayar da uwarki, ga ta nan."

Uwar ta goge hannu, ta ɗauka da kunya. Ta danna sama, mai rawaya ya durƙusa. Ta danna dama, ya yi hagu. Jikata ta karɓa ta gwada, haka. Duk inda aka ce mashi, kishiyar hanyar yake bi.

"Ni ce na haɗa waya a juye," in ji ta.

Ta kashe, ta ɗauko mai tsit ɗin nan ta bi wayoyin ɗaya-ɗaya. Duka suka amsa. Ta kunna, ta musanya ramuka, wannan nan, wancan can. Gardamar ta bi manet ɗin, ba ta tsaya a rami ba. Ta mayar da kowanne wurinsa, ta ajiye mai gardamar a tabarma, ta riƙe haɓa tana dubansa.

Ba wanda ya taɓa shi. Wannan na gani da idona. Yana kwance tsakanin kwanon zogale da ƙafata, wayarsa a miƙe. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, barandar ta yi duhu-duhu, hasken tele ya fito sosai. Sai mai rawaya ya taka. Taku ɗaya, ya tsaya. Ya ƙara. Sannan ya miƙe ya yi hagu, a hankali, bai kula tulu ba, bai kula tsani ba, har ya kai katanga. Ya kafa fuska a bango. Ƙafafunsa suna ta motsi a wuri ɗaya.

Ƙanwata ta fara a'uzu billahi ƙasa-ƙasa.

Jikata ta ɗauki manet ɗin ta girgiza, ta buga shi a tafin hannu, ƙafafun suka tsaya. Ta jawo mai rawaya tsakiya da dabara, tana danna hagu don ya yi dama. Ta ajiye. Muka zuba ido, mu huɗu. Kiɗan ya zagayo ya koma farko. Kaza ta wuce. Na fara cewa a raina shi ke nan, sai ya taka. Hanyar ɗazu ya bi, bai ƙara ba bai rage ba, ya je ya tsaya inda ya tsaya.

Ƙanwata ba ta dube ni ba, tele take kallo. Ta ce, "Yaya, ki ce mashi ya juyo."

Ita kaɗai a wurin ta san zancen, don a kan haihuwarta aka yi. Ba mu taɓa tayar da shi ba, ni da ita, sai ran nan. Na tura mata kwano. Na ce, "Tsinki zogalenki."

Surukata ce ta matsa. Mace ce mai kawaici, shekara biyu ta yi a gidan nan ban ji ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba haka yake riƙe shi ba." Ta ɗauki manet ɗin ta kifa kansa ƙasa, wayar ta koma wajen cikinta, jajayen maɓallan suka dawo ƙarƙashin babban yatsanta na hagu. Ta danna, mai rawaya ya bar bango. Ta danna sama, ya hau tsani. Komai ya daidaita.

"Da hagu yake bugun jajayen," in ji ta. "Ya ce ya fi mashi sauri. Wannan nasa ne shi kaɗai, ba ya ba kowa. Da hagu yake darma, da hagu yake aski. In ya ji takunki kin nufo zaure sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya tashi tsaye."

Na tuna kuwa. Duk shigar da na yi zauren nan, a tsaye nake samunsa, hannu a baya. Na ɗauka ladabi ne.

Na ce, "Har abinci?"

"A'a, Inna. Abinci da dama. Ko mu biyu ne a ɗaki. Na taɓa ce mashi ba mai ganinka, ya ce a'a, wannan hannun na Inna ne."

Jikata ta dubi uwarta. "Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"A gidan wa kika tashi?"

Jikata ta ɗauko turnabis, ta dube ni. Na ce kwancewa ba yanka ba ne. Ta kwance kusoshi shida ta jera su a murfin kwano, ta buɗe cikinsa, ta miƙo mini in gani. Akwai wasu siraran hanyoyi na jan ƙarfe a kan farantin ciki. An kankare huɗu da reza, an yanke su, an ɗauko wayoyi huɗu masu kaurin gashi an tsallakar da su, ta nan ta koma can, ta can ta dawo nan. Darmar ƙanana, masu tsabta, har yanzu da ɗan ƙyalli. Jikata ta daɗe tana kallon ɗigon darmar. Ta ce ita ba ta kai nan ba.

Ƙarƙashin robar maɓallin mai kai huɗu kuma, a gefe ɗaya, akwai ɗan guntun kwalin sukari da aka ninka huɗu. Robar ta gaji ne tun a hannunsa, ya yi mata waigi. Ta taɓa shi da tsinke, ya yi taushi, ya kumbura.

"Ga aljaninku," in ji ta. "Kwali ne ya sha damina. Yana kumbura yana danna maɓallin da kansa."

Ƙanwata ta ce, "To mi ya sa sai bango?"

"Gwaggo, wanda ya yi ta tafiya hagu ina zai ƙare in ba bango ba?"

"Mi ya sa sai yau?"

"Yau aka kunna shi."

"Ke dai kina da amsar komai. Ubanki ma haka yake, sai dai shi ba ya faɗa."

Jikata ta ce gyaran ba wuya. Ta cire wayoyi huɗun nan, ta mayar da hanyoyin yadda kamfani ya yi su, ta zubar da kwalin, kafin a kira magariba ya zama daidai da ɗan'uwansa. Ƙanwata ta ce ba gyara ba, a kai shi Gulbi a jefa tunda ruwa ya kawo, ko a kai wa malam ya san yadda zai yi da shi. Suna ta yi, ni ina kallon tele, mai rawaya yana kan tsani inda aka bar shi.

Na ce, "Rufe shi yadda kika same shi. Da kwalin."

Ta rufe, ta mayar da kusoshi shida. Na miƙa hannu na karɓa, na kama bakin wayar na zare daga ramin.

"Ina za ki kai shi?"

"Inda ya fito."

"Na ubana ne, Tsohuwa. Ba ni da hotonsa sai na katin shaida. Ban san muryarsa ba. Yau na fara sanin wani abu nasa da ba ke kika zaɓa kika ba ni ba."

"Ɗana ne kafin ya zama ubanki."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai uwarta ta taɓa ta, ta nuna tele. Wayar tana hannuna, a zare, bakinta yana lilo. Mai rawaya ya sauko daga tsani. Ya yi rawar jiki, ya juya nan, ya juya can, sannan ya yi hagu. Ya kai bango.

Wannan karon jikata ta sunkuya ta dubi farantin. Muryarta ta ragu. Ta ce haƙorin farantin ne ya zama a sake, ba abin da ke riƙe da shi, in haƙori yana sake duk iskar da ta wuce sai ya ɗauka a kan an danna.

Ƙanwata ta ce, "Kun ji. Ita ma ta ce iska."

"Ba irin wannan iskar ba, Gwaggo."

"Iri nawa ce?"

Aka kashe tele. Ƙanwata da ta zo da niyyar kwana biyu ta naɗe kayanta ta ce gero na jiranta a Tsibiri. Surukata ta durƙusa ta yi mini sallama, ta ce in yafe mata in ta faɗi abin da bai kamata ba. Na ce ta gaida mutanen Jiratawa. Kabu-kabu biyu suka kwashe su kafin ruwa ya sauko. Jikata ta tattara wayoyinta ta shige ɗaki, ba ta ci tuwo ba. Ni kuma na shiga da manet ɗin, na buɗe adaka, na tsaya. Ban sa shi ciki ba. Abin da na yi ta juyawa a raina daga nan, nawa ne.

Washegari, bayan na dama koko, ta fito da jakar aikinta za ta wuce, gaisuwa a taƙaice. Na ce ta fito da tele.

"Zan makara."

"Salular mutane ba za ta mutu sau biyu ba. Kunna."

Ta haɗa komai ba ta dube ni ba. Na miƙa mata wayar ta soka. Kiɗan ya tashi, 'yan mutanen biyu suka fito tsakiya. Na ajiye manet ɗin a tabarma inda yake jiya, na zauna, na ce ta zauna. Muka jira. Kokon ya yi fata a kwano. Masu tallan waina suka wuce, suka dawo. Ta ce wataƙila kwalin ya ɗan bushe a ɗakina, ba zai yi ba. Na ce zai yi.

Ya taka. Ya ƙara. Ya tafi abinsa har bango, ya kafa goshi.

Na ɗauki manet ɗin na kifa shi yadda surukata ta yi, wayar a cikina. Ban taɓa riƙe shi don riƙewa ba sai ranar. A kan jan maɓalli ɗaya akwai wani ɗan kwari, launin ya koɗe ya yi fari. Babban yatsana na hagu ya faɗa ciki, ya yi mini yawa kaɗan.

"Wanne zan danna?"

Ta kama yatsana na dama ta ɗora a kan mararrabar. "Nan."

Na ce, "Juyo."

Na danna. Ya juyo. Na riƙe har ya zo tsakiyar gidan, kusa da mai shuɗiya, na saki. Jikata tana kallona, ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban yi mata bayani ba a ranar.

Na miƙa mata. Na ce ta kwance ta ciro kwalin ta sa mashi busasshe, wayoyi huɗun nan kuwa ko da wasa kada ta taɓa su. Ta ɗauki turnabis da dama. Na ce, "Yi da wanda kika iya. Na gan ki jiya."

Ta tsaya cak. Sannan ta mayar da shi hagu, kusoshin suka fita kamar ana tsinkar zogale.

"Abinci dai da dama," na ce.

"Na ji, Tsohuwa."

Ta ciro guntun kwalin ta ɗora mini a tafin hannu. Ninkin huɗu ne, gefensa a yanke daidai, da ɗan shuɗin rubutun sukari a jiki. Na tashi na kai shi kan katangar nan ta kusa da randa, inda rana ke fara sauka, na shanya shi. Na ɗora mashi ɗan dutse don kada iska ta ɗauka.